Ƙungiyoyin ƴan'uwantaka na jami'o'in Amurka a gaban alƙali: idan rai ya salwanta, wa ke biyan diyya?

Ga jawabin da wani malamin shari'a ya gabatar gaban taron iyayen ɗalibai, wanda ya haɗa ƴan kasuwa da ma'aikata. Mun buga shi kamar yadda aka karanta shi.



An nemi in yi bayani bisa wasu ƙungiyoyin ɗalibai na jami'o'in Amurka da irin shari'o'in da ke bin su. Mai yiwuwa wani ya ce, mi ya haɗa kifi da kaska? Abu biyu ne. Na farko, cikin zauren nan akwai waɗanda ƴaƴansu ke karatu can, akwai kuma masu tara guzurin aikawa da nasu. Na biyu, mu mutane ne da suka san tsadar ƴancin kafa ƙungiya. Ɗalibai ne suka zubar da jininsu bisa gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, kuma jinin nan yana cikin abin da ya kai mu ga taron gamin gambiza na 1991. Wanda ya sayi abu da tsada ya kamata ya san amfaninsa, ya kuma san inda yake cizo. Tambayar da zan bi daga farkon jawabin nan har ƙarshensa guda ce: ƙungiyar da ke kiran membobinta ƴan'uwa, idan ta halaka yaron da ya zo neman shiga cikinta, wa doka ke kamawa, wa kuma ke biya?

Su wane ne su?

Da Ingilishi ana ce ma ta maza fraternity, ta mata kuma sorority, kalmomi biyu da suka fito daga ɗan'uwa da ƴar'uwa a harshen Latin. Ana raɗa masu suna da haruffan Girkanci biyu ko uku. Ta farko, Phi Beta Kappa, an kafa ta cikin 1776 a kwalejin William da Mary ta jihar Birjiniya, shekarar da Amurka ta shelanta ƴancinta. Irin waɗanda aka sani yau sun fara ne cikin 1825 a jihar Niyok, na mata suka biyo baya daga 1851. Da yake an daɗe ana rufe ma baƙar fata ƙofa, sai suka kafa nasu: Alpha Phi Alpha cikin 1906, wadda Martin Luther King ya shiga, da Alpha Kappa Alpha ta mata cikin 1908, wadda Kamala Harris ke cikinta. Ana ƙiyasta ɗaliban da ke cikin ƙungiyoyin nan kimanin 750,000, tsofaffin membobi kuwa miliyoyi ne, cikinsu har da shugabannin ƙasa irin su Ronald Reagan da George Bush uba da ɗa.

Ina roƙon ku riƙe yadda aka gina su, domin duk rigimar shari'a can take. Akwai uwar ƙungiya ta ƙasa, mai ofishi da lauyoyi da asusu. Akwai reshe a kowace jami'a, wanda samari ƴan shekara 18 zuwa 22 ke jagoranta da kansu. Akwai gidan da suke kwana, wanda sau da yawa wani kamfani na tsofaffin membobi ke da takardunsa. Sannan akwai jami'a, wadda ke amincewa da reshen ba tare da ta mallake shi ba. Hannuwa huɗu kenan bisa akushi guda. Lokacin ci kowa na nan, ranar da akushin ya fashe sai kowa ya ɓoye hannunsa cikin riga.

Yaro ba ya shiga don banza. Yana samun wurin kwana, da abokai a garin da bai san kowa ba, da manya da za su buɗe masa ƙofar aiki bayan ya ƙare. Ɗan kasuwar da ya san darajar maigida a Kano ko Kwatano ya fahimci wannan ba sai an faɗa masa ba.

Shin hukuma na iya rushe su?

A da can amsar ita ce i. Jihar Misisipi ta haramta su a makarantun gwamnati cikin 1912, kotun ƙolin Amurka ta ba ta gaskiya cikin 1915, ko da yake daga baya jihar ta soke dokar. Amma cikin 1972, a shari'ar Healy, kotun ƙoli ta yanke cewa jami'ar gwamnati ba ta da ikon hana ƙungiyar ɗalibai zama don kawai ba ta son ra'ayinta. Abin da take iya yi shi ne ta shimfiɗa ƙa'idojin ɗa'a, ta hukunta wanda ya taka su. Jami'a mai zaman kanta ta fi sakewa, shi ya sa kwalejin Amherst ta iya rufe nata cikin 1984. Daɗin daɗawa, dokar 1972 da ta hana bambanta mace da namiji a makarantu, cikin 1974 majalisa ta yi mata kwaskwarima don ƙungiyoyin nan su ci gaba da zama na maza zalla ko mata zalla. Jami'ar Habad ta gwada matsa masu cikin 2016, ta ce ɗan irin wannan ƙungiya ba zai jagoranci wata ƙungiyar jami'a ba, kuma ba za ta tsaya masa wajen neman manyan tallafin karatu ba. Ƙungiyoyin mata ne suka fara rufewa. Aka kai ƙara cikin 2018, jami'ar ta janye cikin 2020.

Saboda haka tsarin mulki ya kare wanzuwarsu, kuma ni ban ga laifin wannan ba. Gwamnatin da aka ba wuƙar yanka ƙungiyar da ba ta so, gobe da ita za ta yanka ƙungiyar ƙwadago. Matsalar tana ga abin da ake aikatawa bayan an rufe ƙofar gida.

Daren shiga

Kafin a karɓi sabon shiga, yakan yi makonni yana shan gwale-gwale, abin da waɗanda suka yi karatu a Faransa suka sani da bizutage: hana barci, aikin bauta, duka da katako, wulaƙanci gaban jama'a, da uwa uba ɗura barasa. Wani bincike na jami'ar Maine cikin 2008, wanda ya tambayi ɗalibai sama da 11,000 a makarantu 53, ya gano cewa kashi 73 cikin ɗari na ƴan waɗannan ƙungiyoyi sun sha wani nau'i na wannan horo. Marubuci Hank Nuwer, wanda ya shafe shekaru yana ƙidayar mamatan, ya nuna cewa daga 1959 zuwa 2021 babu shekarar da ta wuce ba a rasa rai ba ta wannan hanya. Wani abu ya ƙara hura wutar. Cikin 1984 gwamnatin tarayya ta tilasta ma jihohi su mai da shekarun sayen barasa 21, in ba haka ba a zabtare masu kuɗin hanyoyi. Yaro na shiga jami'a da shekara 18. Da mashaya ta rufe masa ƙofa, sai shaye-shayen ya koma cikin gidajen ƙungiyoyi, inda ba mai ganin abin da ke gudana.

Bari in ba ku labari guda dalla-dalla, domin na'urorin ɗaukar hoto na gidan sun ɗauki kusan komi, kuma an nuna shi a kotu. Daren 2 ga Fabrairu 2017, a jami'ar jihar Pensilbaniya, reshen Beta Theta Pi ya yi bikin karɓar sababbi. Cikinsu akwai Timothy Piazza, ɗan shekara 19 mai karatun injiniya. Cikin minti 82 an ba shi barasa sau 18. Wajen ƙarfe 11 na dare ya faɗo daga matakalar da ke sauka ɗakin ƙasa, ya buga kai, saifarsa ta fashe. Suka ɗauko shi suka shimfiɗa bisa kujera. Wani ƙaramin memba ya ce a kai shi asibiti, aka ture shi jikin bango aka ce ya yi shiru. Suka ɗaura masa jaka cike da littattafai a baya don kada ya juya ya shaƙe da amai. Dare ya raba, kowa ya tafi barci, yaron ya yi ta miƙewa yana faɗuwa shi kaɗai. Ba a kira motar asibiti ba sai ƙarfe 11 saura minti 12 na safe, wato kusan awa 12 bayan faɗuwar farko. Ya cika ranar 4 ga wata. A bisa takarda, gidan nan an haramta barasa cikinsa.

Mai gabatar da ƙara ya tuhumi mutum 18 da reshen kansa, 8 daga cikinsu da kisan da ba na ganganci ba. Sai dokar ta nuna gajartarta. Alƙali ya yi watsi da manyan tuhumce-tuhumcen, domin da wuya a nuna wane hannu ne ya kashe, alhali hannuwa da yawa ne suka miƙa kwalba, kuma a lokacin dokar jihar ta ɗauki gwale-gwale ƙaramin laifi. Akasarinsu suka ƙare da tara da aikin gayya da tsarewa a gida. Shugaban reshen da mataimakinsa sai cikin 2024 aka yanke masu wata biyu zuwa huɗu a gidan kaso, shekara bakwai bayan rasuwar.

Akwai hujjar da lauyoyin masu laifi suka daɗe suna dogara da ita, wato yarda. Sukan ce yaron baligi ne, da ƙafarsa ya zo, da hannunsa ya ɗaga kwalba. A jihar Fulorida, cikin 2001, Chad Meredith ya nutse a tafkin jami'ar Miyami bayan manyan ƙungiya sun ja shi iyo da dare cikin maye, kuma ba wanda aka tuhuma da laifi. Iyayensa suka bi ta hanyar neman diyya, cikin 2004 kotu ta ɗora ma samari biyu dalar Amurka miliyan 12.6. Shekara guda bayan haka jihar ta yi doka da sunansa, wadda ta mai da gwale-gwalen da ya jawo mutuwa ko mummunan rauni babban laifi, ta kuma ce yardar wanda aka cuta ba ta wanke kowa. Wannan ita ce magana mai hankali. Yaron da ke tsaye gaban mutum talatin da yake son su karɓe shi, ya kuma san idan ya ƙi za a yi masa dariya shekara huɗu, yardarsa irin ta mai bashi ce gaban mai kuɗi.

Haka dokokin suka riƙa zuwa, kowace da sunan mamaci bisa goshinta. A Luwiziyana, cikin Satumba 2017, an tsayar da Max Gruver ɗan shekara 18 ana yi masa tambayoyi kan tarihin ƙungiya, duk amsar da ya kuskure sai ya kurɓi barasa mai ƙarfin kashi 95. Abin da aka samu cikin jininsa ya ninka iyakar da aka yarda ma direba sau shida. Dokar da ke ɗauke da sunansa ta zo cikin 2018 da hukuncin da ya kai shekara 5. Ta Piazza ta zo cikin Oktoba na wannan shekara, da hukuncin da ya kai shekara 7 da ikon ƙwace gidan da aka yi laifin. Ya zuwa 2024 jihohi 44 cikin 50 suna da irin wannan doka. Ku lura, iyayen da suka binne ƴaƴansu ne suka yi ta safa da marwa a majalisu har aka yi su. Faransa ta riga su yin doka ta ƙasa baki ɗaya, ranar 17 ga Yuni 1998, da hukuncin wata shida.

Wani sashe na sababbin dokokin ya cancanci a tsaya kansa. Abin da ya kashe Piazza, bayan barasa da matakala, shi ne tsoro: kowa na gudun kada kiran asibiti ya jawo ƴan sanda, a rufe gida. Shi ya sa dokar Pensilbaniya ta 2018 da gyaran da Fulorida ta yi cikin 2019 suka ba da kariya ga wanda ya fara kiran agaji, ya faɗi sunansa, ya tsaya wurin har masu ceto su iso. Mai doka ya gane cewa idan ya tsananta hukunci bai bar ƙofar tuba ba, shi da kansa ya koya ma yara su bar ɗan'uwansu ya mutu bisa kujera.

Wa ke biya?

Mu koma ga hannuwan nan huɗu, mu ga yadda kowane ke zamewa.

Jami'a tukuna. Da can ana ɗaukarta matsayin uba ga ɗalibi. Bayan gwagwarmayar ɗalibai ta shekarun 1960, da saukar da shekarun zaɓe zuwa 18 cikin 1971, kotuna suka ce ɗalibi baligi ne, jami'a ba mai reno ba ce. Amma cikin 1991 kotun ƙolin jihar Delaware ta buɗe wata kafa, a shari'ar wani ɗalibi da aka kwarara ma ruwan wanke murhu mai cin fata daren shigarsa. Ta ce tun da jami'ar ta san ana yi, har ta rubuta dokar hanawa, to ta ɗauki nauyi, ana iya bin ta. Darasin da lauyoyi suka ɗauka daga nan baibai ne: wanda ya sa ido shi ke shiga uku, wanda ya kau da kai ya tsira. Duk da haka wasu jami'o'i sun biya. MIT ta birnin Kambirij kusa da Boston ta biya dalar Amurka miliyan 6 cikin 2000, abin da ya haura miliyar 3 na sefa, saboda wani ɗalibi da ya rasu cikin 1997.

Reshe kuwa, shari'ar MIT ɗin nan ta nuna abin mamaki. Cikin 1998 an tuhumi reshen da kisa. Ranar zaman kotu ba wanda ya zo, domin reshen ya riga ya rushe kansa. Ba shi da jiki, ba shi da asusu, membobinsa sun watse. Alƙali ya zauna gaban kujerar da ba kowa.

Sai uwar ƙungiya, inda kuɗin suke. Cikin shekarun 1980 ƙararraki suka yi yawa har kamfanonin inshora suka jera waɗannan ƙungiyoyi cikin mafi haɗari, kusa da masu zubar da dattin guba. Cikin 1987 uwayen ƙungiyoyi suka haɗa kai suka tsara inshora tasu tare da ƙa'idoji masu tsauri: ba gangar barasa ta gayya, ba a ba wanda bai kai 21 ba, ba gwale-gwale. Kowane memba na biyan kuɗin inshorar duk shekara. Ga inda gizo ke saƙa: takardar ta ce duk wanda ya karya ƙa'ida ya fita daga kariya. Kuma kusan babu hatsarin da ke faruwa ba tare da an karya ɗaya daga cikinsu ba. Alhazai masu motocin sufuri, ku ɗauka kun biya inshora shekara da shekaru, ranar da mota ta faɗi aka nuna maku layin da ya ce kariyar ba ta aiki idan motar tana bisa hanya. Ƴar jarida Caitlin Flanagan ta bayyana wannan tsari cikin mujallar The Atlantic a 2014: bayan hatsari uwar ƙungiya takan tattara bayanan yaran, ta kore su saboda karya doka, ta nuna ma alƙali ƙa'idojinta a rubuce, sai masu ƙara su juya kan yaran da inshorar gidajen iyayensu.

Kotuna da dama sun karɓi wannan. Kotun ƙolin Indiyana ta wanke uwayen ƙungiyoyi a shari'o'i biyu cikin 2014, bisa hujjar cewa ba su ke tafiyar da harkokin yau da kullum na reshe ba. Ta Ilinoyi ta yi haka cikin 2018, kan wani yaro da ya rasu cikin 2012. Sau ɗaya tak da ya shahara aka kama uwar ƙungiya da laifin kisa: Pi Delta Psi, cikin 2017, saboda wani ɗalibi da aka rufe ma ido cikin Disamba 2013, aka ɗora masa jakar yashi, aka yi ta kayar da shi bisa ƙasa mai ƙanƙara. An ci ta tarar da ta ɗan haura dalar Amurka 110,000, aka hana ta aiki a Pensilbaniya shekara goma, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta soke hanin cikin 2019.

Malamai da ke nan sun san cewa fiƙihunmu ya daɗe da duba irin wannan tambaya. A kisan kuskure, diyya ba ta faɗa kan mai laifi shi kaɗai. Aƙila ce ke ɗauka, wato danginsa na wajen uba, a raba cikin shekara uku, kuma a zamanin Sayyidina Umar an ɗora ta kan mutanen diwani, waɗanda rajista guda ta haɗa ko da ba jini ɗaya ba. Hikimar a fili take: jama'ar da ta san za ta biya, ita za ta riƙe hannun ɗanta tun kafin ya ɗaga. Ƙungiyoyin da muke magana a kansu sun ɗauki sunan ƴan'uwantaka, suna rantsar da yaro cewa zumuncin har mutuwa ne, suna karɓar kuɗinsa duk shekara, amma sun gina kansu ta yadda ba za su taɓa zama aƙilarsa ba. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ganina nan ne dokar Amurka ta rage baya. Ta ƙara ma yaro ɗan shekara 20 shekarun kaso, abin da ya dace da shi idan ya yi laifi, amma manyan da suka gaji al'adar, suka san da ita, suke cin moriyarta, har yanzu akasari suna fita da farar riga.

Ɓangaren mata

Ƙungiyoyin mata ba su cika shiga irin wannan masifa ba, kuma dalilin na da amfani gare mu. Manyan ƙungiyoyinsu 26 sun daɗe da hana barasa cikin gidajensu, yawanci kuma akwai dattijuwa da ke zaune cikin gidan. Saboda haka inshorarsu ta fi arha nesa ba kusa ba. Sai dai bukukuwan sukan koma gidajen maza, inda maza ke riƙe da ƙofa da kwalba, kuma daga nan ne ƙararrakin fyaɗe da yawa ke fitowa. Su ma ba su tsira daga alƙali ba. A shari'ar Ilinoyi da na ambata, an gayyato ƴan mata su taya ɗura ma sababbin barasa, kotu kuwa ta ce ana iya bin su diyya ko da ba ƴan reshen ba ne. An sasanta kan dalar Amurka miliyan 14. Akwai kuma batun wariya: cikin 2013 jaridar ɗaliban jami'ar Alabama ta tona yadda tsofaffin membobi ke hana a karɓi ƴan mata baƙar fata, shekara hamsin bayan an buɗe jami'ar ga baƙaƙe.

Adalci ya hau kaina in faɗi ɗaya gefen. Ana zaluntar ƙungiyoyin su ma. Cikin 2014 mujallar Rolling Stone ta buga labarin fyaɗen taron dangi a wani reshe na jami'ar Birjiniya. Aka jefi gidan, aka dakatar da ƙungiyoyi, daga baya labarin ya rushe, mujallar ta janye shi, ta biya reshen dalar Amurka miliyan 1.65 cikin 2017. Ƴan jarida da ke cikin zauren nan su riƙe wannan. Neman a ɗora alhaki inda ya dace daban yake da yi ma kowa kuɗin goro.

Abin da ya rage gare mu

Cikin Disamba 2024 shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar tarayya ta farko kan wannan batu. Ba ta ƙirƙiri sabon laifi ba. Ta wajabta ma duk jami'ar da ke cin kuɗin tarayya ta ƙidaya aukuwar gwale-gwale cikin rahotonta na tsaro na shekara, ta kuma wallafa sunayen ƙungiyoyin da aka samu da laifi. Makaminta tonon asiri ne, kuma al'adar da ta rayu shekara ɗari biyu da rantsuwar rufe baki ba abin da take tsoro kamar wannan.

Iyaye, ga abin da za ku yi da wannan bayani. Idan ɗanku ya ce zai shiga irin wannan ƙungiya, ku sa a duba maku shafin intanet na jami'ar, a ga ko sunanta na cikin jerin masu laifi, a kuma tabbatar jami'ar ta amince da ita, domin rassan da aka kora suka ci gaba a ɓoye sun fi kowane haɗari. Ku gaya masa cewa shi baƙo ne: ɗan ƙasa idan aka kore shi yakan nemi wata makaranta, shi kuwa korarsa na tafiya da takardar zamansa. Ku gaya masa tsayawa kallo ma na iya kai mutum gaban alƙali. Kuma ku ce masa idan ya ga wani ya faɗi ba ya motsi, ya buga lamba 911 nan take, kome manyan gidan za su ce.

Mu kuma da ke nan gida, ko a maƙwabta mun ga inda irin wannan ke kaiwa. Ƙungiyar Pyrates da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan cikin 1952 ta fara ne da niyyar yaƙi da ƙabilanci da girman kai, amma waɗanda suka kwaikwaye ta daga baya sun zama ƙungiyoyin asiri, har aka kashe ɗalibai biyar a jami'ar Ife ranar 10 ga Yuli 1999. Duk wanda ke jagorantar wata ƙungiya cikinmu, ta ɗalibai ce, ta ƴan kasuwa ko ta ma'aikata, ya tambayi kansa tun yau: idan wani ya cutu da sunan ƙungiyar nan, wa zai tsaya gaban alƙali, kuma daga wane asusu za a biya? Idan dokokin ƙungiyar ba su amsa ba, a zauna a rubuta amsar tun ana shan inuwa guda. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

 Allah Ya tsare mana zuri'a, na gida da na waje.